Yadda ake kallon tsuntsayen kaka a yankin Tahoua, da yadda ake gane ko sun fara sauya mazauni

Duk shekara da an fara yankan hatsi sai tambayoyi iri ɗaya su dawo. Shamuwa ta tafi, to waɗanne ƙananan agwagi ne waɗannan da suka rufe tabki? Da gaske ne farar shamuwa ta Turai ta rage zuwa? Yaya mutum zai fara wannan kallo ba tare da an ɗauke shi ɗan leƙen asiri ba? Ga matakan bi da bi. Amma ka riƙe wannan tun daga farko: fita ɗaya ba ta nuna sauyin komai. Abin da ke nunawa shi ne wuri ɗaya, lokaci ɗaya, tsari ɗaya, a rubuce, shekara bayan shekara.

1. San wanda ke zuwa da wanda ke tafiya

A kaka ayari biyu ne ke giftawa a ƙasarmu. Na farko su ne baƙin damina masu komawa kudu. Shamuwa ce shugabarsu: ta zo gabanin ruwa, ta yi sheƙa a cikin gari, ta ƙyanƙyashe, daga ƙarshen Satumba zuwa Oktoba ta haɗa garke ta nufi gabashi da kudancin Afirka. Na biyu su ne masu tsallako hamada daga Turai da yammacin Asiya, su yi sanyi a nan, su koma tsakanin Fabrairu da Afrilu.

Masu tsallakowar ba rana ɗaya suke sauka ba. Tun watan Agusta ƙananan tsuntsayen bakin ruwa masu dogayen ƙafafu ke fara bayyana a laka. A Satumba da Oktoba tsattsewar Turai ke wucewa, tare da ƙananan masu cin ƙwari da ke shigewa cikin itatuwan ƙaya. Agwagi da shahunan fadama su ne na baya, Oktoba zuwa Nuwamba, kuma yawansu sai ya ci gaba da hauhawa har Janairu.

Saboda haka ka fara fita a makon farko na Satumba. Wanda ya jira sai an gama ɗaurin damma ya riga ya rasa ranar isowar rabin baƙin, kuma ranar isowa tana cikin muhimman abubuwan da ake son sani.

2. Kayan aiki da abin da za su ci

Madubin hangen nesa, wanda a kasuwa ake ce wa jumel, shi ne babban kashe kuɗi. Za ka ga lambobi biyu a jikinsa. Nemi 8x42: takwas ɗin na nufin yana jawo abu kusa sau takwas, 42 kuma faɗin gilashin gaba ne da milimita, wato yawan hasken da yake sha. 10x42 ma yana yi, musamman a babban tabki, sai dai ya fi nuna rawar hannu. A Turai na masu fara koyo mai ɗan nagarta yana kamawa daga yuro 100 zuwa 150, wato wajen jika 65 zuwa jika 100 na sefa, ban da kuɗin kawowa. Na hannu ya fi sauƙi, in ka iya gwaji.

Hattara: kada manyan lambobi su ruɗe ka. Wanda aka rubuta wa 20x50 ko fiye, mai jan gilashi, yawanci kayan wasa ne. Kafin ka biya, duba turken lantarki mai nisa da ido biyu. In ka ga turken ya zama biyu, ko idonka ya fara ja bayan minti ɗaya, madubin ya goce a ciki, kuma gyaransa ya fi sayensa wuya.

Da ka saya, daidaita shi da idonka sau ɗaya. Rufe gilashin dama da tafin hannu, juya ƙafar tsakiya har abin da kake kallo ya fito sarai a idon hagu. Sai ka rufe na hagu, ka juya ɗan zoben da ke jikin mazubin idon dama har shi ma ya fito. Daga nan ƙafar tsakiya kaɗai za ka riƙa taɓawa. Mutane da yawa na shekara suna zargin madubi alhali wannan zoben ne ba su daidaita ba. Ƙurar hunturu kuwa kada ka goge ta da bakin riga, yashi ne, zai kankare gilashin. Hura ta tukuna, sannan ka share da ƙyalle mai laushi.

Sauran kayan ba su da tsada: kaye mai kauri, fensir biyu (bik na daskarewa ko ya zube a aljihu in rana ta yi), ruwan sha aƙalla lita biyu, malfa, rufaffen takalmi da dogon wando saboda ƙarangiya da kububuwa. Sa tufafi masu launin ƙasa. Farar riga tana korar tsuntsu tun daga nesa.

Littafin gane tsuntsaye da aka fi amfani da shi a yankinmu shi ne na Borrow da Demey kan tsuntsayen Afirka ta Yamma, kuma akwai shi da Faransanci. A salula kuma akwai Merlin, manhajar gane tsuntsaye, kyauta. Sauke kundin yankin tun kana cikin gari, don a bakin tabki ba lallai ka samu intanet ba. Abin da zai riƙa cin kuɗi kowane mako shi ne esansi ko kuɗin kabu-kabu, shi ya sa mataki na gaba ya ce ka zaɓi kusa.

3. Zaɓi wuri biyu, ka nemi izini

Wuri ɗaya na ruwa, ɗaya na itatuwa. Tabkin Tabalak, kimanin kilomita 50 daga Tahoua kan hanyar Agadas, da tabkin Ɗan Dutsi ta wajen Bagaruwa, duk an sa su cikin jerin dausayoyin yarjejeniyar Ramsar, ta kare dausayoyi masu muhimmanci a duniya, a 2005, kuma sun cancanci ziyara. Amma wurin da za ka iya zuwa kowane mako ya fi wurin da za ka je sau biyu a shekara. Tabkin Babaye na cikin gari, wani madatsi a kwarin Keita ko na Majiya, ko fadamar bayan ƙauyenku, duk sun isa.

Wajen itatuwa ne masu farawa suka fi ɓata lokaci. Suna zuwa inda ya fi inuwa, ƙarƙashin dogon yaro ko turare, su dawo su ce babu tsuntsu. Baƙin da ke cin ƙwari ba su cika kula waɗannan ba. Itatuwan ƙaya suke bi: gawo, kandili, aduwa, da bagaruwa in tana tsaye cikin ruwa. Gawo ya fi su duka amfani a wannan lokaci, don shi yana tohuwa ne a ƙarshen damina sa'ad da sauran ke shirin kaɗe ganye, ya yi fure, ƙwari su taru, daidai da saukar baƙin. Gona mai gawo goma ta fi layin dogon yaro ɗari.

Hattara: kafin ka fito da madubi, je ka gai da maigari. Ka ce, "Ranka ya daɗe, tsuntsaye nake ƙirgawa, zan riƙa zuwa duk Asabar da safe," ka nuna masa kayen da littafin. Ka sanar da jami'an gandun daji na yankin, ka riƙe katin shaidarka. Kada ka ɗaga madubi ko kyamara kusa da bariki, shingen jandarmomi, filin jirgi ko ayarin soja, ko da wane tsuntsu ne ya sauka a can. Sassan arewa maso yammacin jihar, irin su Tillia da Tassara, an sa su ƙarƙashin dokar ta-ɓaci a 2017. Ba wurin wannan aiki ba ne.

Masunta da makiyaya su ne malamanka na farko. Su suka san inda dinya ke kwana da makon da agwagi suka sauka bara. Tambaye su, ka rubuta sunan da suka ba tsuntsun yadda suka faɗa.

4. Ranar fita

A Oktoba rana na fitowa a Tahoua wajen ƙarfe shida da rabi, a Janairu kuma bayan bakwai da ƴan mintuna. Ka kasance a wurin kafin ta fito. Awa biyu na farko su ne aikin. Da hantsi ya yi, zafin Oktoba zai sa ƙananan tsuntsaye su yi shiru cikin ganye, iska kuma ta fara rawa a kan ruwa har ba ka iya rarrabe agwagwa da tsuntsun laka.

Tsaya ta gabashin tabki da safe, rana a bayanka. In ka fuskance ta, kowane tsuntsu baƙi ne. Kada ka nufi garke kai tsaye. Ratsa ta gefe a hankali, ka tsaya jikin itace ko ka zauna. In ka ga sun miƙe wuya gaba ɗaya, ka yi kusa da yawa, ja baya. Tsuntsun da ya tsallako hamada ya ƙone kitsen jikinsa, kowane tashi na banza asara ce gare shi.

Hattara: kada ka shiga ruwan tabki da ƙafa, akwai tsargiya. Kaka kuma ita ce ganiyar zazzaɓin sauro, a bakin ruwa da asuba sauro bai kwanta ba tukuna. In ka tarar da matattun tsuntsaye da yawa wuri ɗaya, kada ka taɓa, kada ka bari yara su ɗauka, ka sanar da likitan dabbobi. Murar tsuntsaye ta taɓa ɓulla a ƙasar nan, a Magarya, a 2006.

5. Gane tsuntsu kafin ka buɗe littafi

Ido a kan tsuntsun, ka ɗago madubi zuwa idonka ba tare da ka sunkuya ba. Sai ka bi wannan jeri: girma, baki, ƙafa, abin da yake yi, launi a ƙarshe. Auna girma da waɗanda ka sani: ya kai kurciya? hankaka? balbela? Rubuta abin da ka gani tukuna. Wanda ya fara buɗe littafi, hoton littafin yake gani a jikin tsuntsun.

Fara da na gida har ka san su kamar tafin hannunka: balbela, zalɓe, jinjimi, dinya, kirinjijiya, zakaran ƙeƙuwa, hasbiya, cilakowa. Sai ka san ɗan gida kake gane baƙo. Ga inda aka fi yin kuskure.

Shamuwa da farar shamuwa. Tamu baƙa ce mai farin ciki, ba ta da girma sosai. Ta Turai ta fi ta tsawo nesa, fara ce mai baƙin gefen fiffike, baki da ƙafafu ja. Ita a fili take kiwo, tana bin fara.

Kirinjijiya da ƙaramar agwagwar Turai, wadda littafin Faransanci ke kira sarcelle d'été. Kirinjijiya na da dogon wuya da farar fuska, tana tsayuwa a miƙe, tana fito mai gaɓa uku in ta tashi. Baƙuwar ƙarama ce, gajeren wuya, tana tashi da sauri a dunƙule. Littafi zai nuna maka namijin da farin layi a saman ido, amma a Oktoba bai sa wannan rigar ba, shi da macen kusan ɗaya suke. Sai wajen Fabrairu layin ke fitowa sosai.

Akwai wani tsuntsun laka da ke zuwa garke-garke, combattant a Faransanci, wanda namijinsa ya fi macen girma ƙwarai. Masu farawa na rubuta su a matsayin iri biyu. Duba baki da yadda suke tafiya, za ka ga ɗaya ne.

Shirwa. Babbar shirwar Afirka bakinta rawaya ne, ta Turai baƙin baki gare ta. Sai dai ƴaƴan tamu ma bakinsu baƙi ne, don haka baki kaɗai bai isa hujja ba a kaka.

Tsakanin ƙafafun shanu a fadama za ka ga wani ɗan siriri mai rawayan ciki yana kaɗa wutsiya sama da ƙasa. Baƙo ne. Haka wani mai tsayuwa kan hoge a gonar da aka girbe, in ya tashi sai ka ga fari fat a gindin wutsiya. Waɗannan biyun suna da sauƙin ganewa, shi ya sa suka dace da rubuta ranar isowa.

In ba ka tabbata ba, rubuta "ƙaramin tsuntsun laka, ban gane ba". Wannan ya fi sunan ƙarya daraja, don sunan ƙarya in ya shiga kundi shekaru yake yi yana ɓata lissafi.

6. Ƙirga

A bakin ruwa, zaɓi matsaya ɗaya ko biyu da ba za su sauya ba, kamar wani dutse ko wata bagaruwa, ka ɗauki lambar GPS ɗinsu da salula. Share tabkin da madubi daga hagu zuwa dama, iri ɗaya a kowane zagaye. Ƙaramin garke ɗaya-ɗaya ake ƙirga shi. Babba kuwa, ƙirga goma, ka riƙe faɗin da goman suka ci a idonka, ka riƙa aza wannan faɗin a kan sauran: goma, ashirin, talatin. In sun kai dubbai, yi da hamsin ko ɗari. Ƙirga sau biyu, ka rubuta duka biyun. Kusan kowa rage babban garke yake yi, don na baya suna ɓoye bayan na gaba. Ɗauki hoto, ka ƙirga a gida, ka ga yawan kuskuren idonka.

A itatuwa, auna hanya mai tsawon kilomita ɗaya, ka bi ta cikin kamar minti arba'in, kana tsayawa minti biyu zuwa uku a gindin kowane gawo. Hanyar nan, tsawon lokacin nan, su za ka maimaita kowane mako.

Hattara: in wannan makon ka yi awa ɗaya, mako mai zuwa ka yi uku, lambobin ba sa kwatantuwa. Ranar kasuwa ma, ko ranar da garken raƙuma ya sauka shan ruwa, tana sauya abin da za ka gani. Rubuta hakan.

7. Abin da ke shiga kaye

Kowace fita shafinta: kwanan wata, wuri, lokacin farawa da na gamawa, mutum nawa, iska, hazo. Sai matsayin ruwa. Kafa alama, ko ka zaɓi wani kututture, ka riƙa rubuta taku nawa ne daga shi zuwa bakin ruwa. Wannan layi ɗaya shi zai warware maka rabin tambayoyin da za su taso nan da shekara biyar.

Rubuta sifiri. In ka duba ba ka ga farar shamuwa ba, sa "farar shamuwa: 0". Shafin da bai ambace ta ba bai nuna ko babu ita ne ko ba ka duba ba, kuma sauyin mazauni daga sifiri ake gane shi. A bayan kayen ka ware shafi na ranar farko da ranar ƙarshe da ka ga kowane baƙo, da ranar da shamuwar ƙarshe ta bar sheƙar unguwarku.

8. Karanta abin da ka tara, ba da gaggawa ba

Cewa ɗumamar yanayi na motsa tsuntsaye, wannan an auna shi. A Amurka ta Arewa, ƙidayar da ake yi kowane ƙarshen shekara ta nuna cewa tsakanin 1966 da 2013 tsakiyar mazaunin sanyi na nau'o'i 305 ta matsa arewa da fiye da kilomita 60 a matsakaici. Balbelar nan tamu ta fara ƙyanƙyasa a Ingila a 2008. Masu bincike na jami'ar Durham ta Ingila sun duba bayanan Gambiya da Jibralta, da ke bakin kudancin Turai, na sama da shekara 50, suka ga wasu baƙin suna isowa Afirka a makare, suna komawa da wuri. Farar shamuwa kuwa da yawanta sun daina tsallako hamada: a Fotugal waɗanda ke yin sanyi a can sun tashi daga dubu ɗaya da ƴan kai a 1995 zuwa wajen 14,000 a 2015.

Amma duba misalin na ƙarshe da kyau. Sanyin Fotugal ya yi sauƙi, gaskiya ne, sai dai abin da ya riƙe tsuntsayen har da manyan jujin shara inda suke samun abinci duk shekara. Dalili ɗaya ba ya cika tafiya shi kaɗai. Haka abin yake a nan. Kafin ka ce yanayi ne, bi waɗannan tambayoyi da kayenka a buɗe.

Ruwa nawa ne a tabkin bana in an kwatanta da bara? A shekarar ruwa mai yawa, irin 2024, kowane kwari na riƙe ruwa, agwagi su watsu, babban tabki ya zama kamar babu kowa. A shekarar fari kuma duk su taru wuri ɗaya, ka ɗauka sun ƙaru, alhali matsuwa ce. An sare itatuwan hanyarka, ko sassaben zamani ya ƙara su? Garake sun ci bakin tabkin? An fara harbi ko kafa raga? An yi feshin fara ko na jan baki a kusa? Kai kanka, idonka bai ƙara gogewa ba? Shekara ta biyu kowa na ganin nau'o'i fiye da ta farko, ba don tsuntsaye sun ƙaru ba.

Sannan abin yana tafiya ta fuska biyu. Bayan ƙarancin ruwan 1968 a Sahel, wani ɗan tsuntsu mai farin maƙogwaro da ke yin sanyi a itatuwan ƙayarmu ya ragu da kusan kashi biyu cikin uku a Ingila a bazarar 1969. Abin da ya faru a gonakinmu can aka ƙirga shi. Don haka ƙarancin wani baƙo a Tabalak na iya zama daga nan, daga hanya, ko daga inda yake ƙyanƙyasa.

Shekara uku suna ba ka abin kwatance. Kafin ka yi maganar sauyi da ƙarfin gwiwa, sai ka haɗa goma, kuma sai wasu wuraren sun nuna abu ɗaya. Ka sa ido musamman kan abu uku: ranar isowa da ke ja baya a hankali, tsuntsun kudu da ya fara kwana rani a inda da damina kaɗai ake ganinsa, da tsuntsun hamada da ya fara saukowa.

9. Fitar da bayanan daga kaye

Kaye na jiƙewa, gara na ci. Duk wata ka ɗauki hoton shafukan. Sannan ka shigar da su eBird, shafin intanet da ke tara bayanan masu kallon tsuntsaye, kyauta ne, ka amsa "e" a tambayar ko ka rubuta duk abin da ka gane, don ta haka ne sifirinka ke shiga lissafi. Akwai kuma kundin tsuntsayen Afirka ta Yamma, WABDaB, wanda ya samo asali daga kundin tsuntsayen Nijar. An rubuta fiye da nau'i 500 a ƙasar nan, amma yawancin bayanan daga kewayen Yamai da gandun dajin W na kudu maso yammacin ƙasar suka fito, saboda haka jerin mako-mako daga Adar yana da nauyi. A tsakiyar Janairu ake ƙidayar tsuntsayen ruwa ta duniya, wadda ake yi tun 1967. Tambayi ofishin gandun daji ko za su fita, ka bi su.

In ka ga tsuntsu da zobe a ƙafa, irin wanda masu bincike ke sawa don bin ƙaurarsa, karanta haruffa da lambobin da madubi, ka rubuta launin zoben da ƙafar da yake, dama ko hagu, sama da gwiwa ko ƙasa. In zoben ƙarfe ne da wani mafarauci ko yaro ya ajiye, roƙi ka kwafe duk rubutun da ke jiki, ka tambayi wuri da watan da aka samo shi, ba tare da tsawa ko barazana ba, in ba haka ba gobe ba za a nuna maka wani ba. Ana aika bayanin ta shafin ring.ac, kuma yawanci sukan maido amsa da wurin da aka sa zoben da ranar. Wani tsuntsun za ka gan shi da ƴar na'ura a baya mai ɗan faifan hasken rana. Ta bin hanyar ƙaura ce. Ka yi wa maigari bayaninta tun kafin a kama irinsa, ka bar masa lambar ofishin gandun daji.